Yadda Ake Sa Layi Ya Canza Launi Da Kansa A Google Sheets Idan Wani Gurbi Ya Cika Sharaɗi

Sakataren ƙungiyar manoma yana da aiki ɗaya da ba wanda ke yi masa godiya a kai, wato sanin wanda ya biya bashin taki da wanda bai biya ba. Idan mambobi goma ne, littafi da biro sun isa. Idan sun kai ɗari da hamsin, wasu a Tiga, wasu a Bebeji, wasu a Kiru, wasu can Tudun Wada ko Doguwa, to ido kaɗai ba ya iya bin layukan ba tare da ya tsallake wani ba. Tsallake layi ɗaya kuwa na iya sa a tuhumi wanda ya biya, ko a ƙyale wanda bai biya ba har lokacin rabon takin gaba ya zo.

Wannan aiki ba baƙo ba ne a yankin. Tun da aka kammala madatsar ruwa ta Tiga a 1974, zamanin Gwamna Audu Bako, ruwanta mai kusan kubik mita biliyan 2 ke shayar da gonakin rani na Kadawa da Kura da Bunkure, ƙarƙashin kulawar Hukumar Raya Kogunan Hadejia da Jama'are. Tudun Wada ta yi suna da shinkafa, Doguwa da masara, kasuwar Kwanar Dangora da ke Kiru kuma ba ta rabo da motocin kayan gona. Inda ake noma sau biyu a shekara, bashin taki da iri da maganin feshi ba ya yankewa. Shirin Anchor Borrowers da Babban Bankin Najeriya ya ƙaddamar a Kebbi a watan Nuwamba na 2015 ya ƙara sabar wa manoma da karɓar kayan noma a ƙungiyance su biya bayan girbi. Wanda ake miƙa wa lissafin kuwa galibi matashi ne mai babbar waya.

Manhajar Google Sheets, wadda ake saukewa kyauta a wayar Android, tana da wata dabara da ke rage wannan wahala. Sunanta a cikin manhajar "Conditional formatting", ma'ana canza kamannin gurbi bisa sharaɗi. Mafi yawan masu amfani da ita sun tsaya ne a mataki na farko: gurbi ya duba abin da ke cikinsa, idan lambar ta wuce kaza ya zama ja. Abin da ya fi amfani shi ne a sa gurbi, ko layi gaba ɗaya, ya canza launi saboda abin da ke cikin wani gurbin daban. Sunan manomi ba lamba ba ne, ba shi da abin da za a auna, amma ana so sunan ya yi ja idan kuɗin da ke gefensa bai cika ba.

Jadawalin da za a yi aiki da shi

A ɗauka ƙungiya ce ta manoman shinkafa, misali kawai. Layi na 1 na kanun bayanai ne. Ginshiƙin A sunan manomi, B garinsu, C kuɗin bashin da ya karɓa, D abin da ya biya zuwa yanzu, E kuma ranar da wa'adin biya zai cika. Bayanai sun fara daga layi na 2, kuma an bar wuri har layi na 200 saboda masu shigowa daga baya.

Gurbi shi ne kowane ɗan akwati a jadawalin, kuma sunansa harafin ginshiƙi ne haɗe da lambar layi. D2 na nufin abin da manomi na farko ya biya. C2 bashinsa ne.

A waya, sai a taɓa gurbin A2, a ja ɗigon shuɗin da ke kusurwarsa har ya rufe zuwa E200. Daga nan a taɓa alamar harafin A da ke sama, a gangara ƙasa zuwa "Conditional formatting". A wurin zaɓen sharaɗi akwai jerin abubuwa da yawa, kamar ya fi kaza ko bai kai kaza ba, amma duk waɗannan gurbin da kansa suke dubawa. Wanda ake buƙata yana can ƙasan jerin, shi ne "Custom formula". A kwamfuta kuma yana ƙarƙashin "Format", sunansa "Custom formula is". A akwatin da ya bayyana sai a rubuta:

=$D2<$C2

A zaɓi launin ja mara ƙarfi, a adana. Nan take duk layin da abin da aka biya bai kai bashin ba zai yi ja tun daga suna har kwanan wata.

Abin da fomular ke yi tambaya ce mai amsa biyu: shin D bai kai C ba? Idan amsar e ce, a shafa launi. Idan a'a ce, a bar gurbin yadda yake. Duk wata fomula da za a saka a wannan akwati dole ta zama irin wannan tambayar, kuma dole ta fara da alamar =.

Alamar dala, inda aka fi yin tuntuɓe

Alamar $ da ke cikin fomular ba ta da alaƙa da kuɗin Amurka. Aikinta ƙusa ne, tana kafe abin da ke gabanta don kada ya motsa.

Dalilin buƙatarta shi ne yadda manhajar ke karanta fomular. Mutum ya rubuta ta sau ɗaya ne, don gurbin farko na wurin da ya zaɓa, wato A2. Ita kuma manhajar tana ɗaukar fomular tana kai ta kowane gurbi, tana matsar da haruffa da lambobi daidai da tazarar da ta yi. Idan aka rubuta =D2<C2 ba dala, gurbin A2 zai yi tambayar daidai. Amma B2 da ke dama da shi zai matsa taki ɗaya, ya tambayi ko E2 bai kai D2 ba, wato yana gwada kwanan wata da kuɗi. C2 zai gwada F2 da E2. Sakamakon shi ne jadawali mai dabbare-dabbare, nan ja, can fari, ba ma'ana.

Idan kuma aka cika ƙusa, aka rubuta =$D$2<$C$2, an kafe harafi an kafe lamba. Kowane layi zai riƙa duba manomi na farko ne kawai. Idan bai biya ba, ƙungiya duka ta yi ja. Ranar da ya biya, kowa ya wanke.

Don haka $D2 ke nufin a tsaya a ginshiƙin D, amma a bar lambar layi ta riƙa sauka: layi na 3 ya duba D3, layi na 87 ya duba D87.

Akwai kuskure na uku wanda ya fi waɗannan biyun haɗari, domin shi ba ya nuna kansa. Mutum ya zaɓi wuri tun daga A1, har da layin kanu, amma ya rubuta fomular da lamba 2. Manhajar za ta ɗauka an rubuta fomular ne don layi na 1, sai kowane layi ya riƙa duba na ƙasa da shi. Manomin da ke layi na 5 zai ɗauki launin na layi na 6. Jadawalin zai yi kyau a ido, layuka cikakku ja da fari, amma jan yana kan maƙwabcin mai bashin ne. Ƙa'idar guda ce: lambar da ke cikin fomula ta zama daidai da layin da aka fara zaɓe daga kansa. Bayan kafa kowace doka, yana da kyau a ɗauki mutum biyu ko uku da aka san lissafinsu da ka, a duba ko launinsu ya dace.

Kore ga wanda ya gama, da matsalar layukan da ba kowa

Doka ta biyu ita ce ta waɗanda suka kammala biya. Abin da zai fara zuwa a rai shi ne =$D2>=$C2, kuma yana aiki, sai dai duk layukan da ba a rubuta komai a cikinsu ba, har zuwa 200, su ma za su yi kore. Manhajar tana ɗaukar gurabe biyu da ba komai a matsayin daidai da juna, sharaɗi ya cika ke nan. Maganinsa a ƙara tambaya ta biyu:

=AND($C2<>"",$D2>=$C2)

AND na nufin sai duk sharuɗɗan da ke ciki sun cika. Alamar <> na nufin ba daidai da, alamun zance biyu da ke manne da juna kuma na nufin ba komai. Fomular tana cewa ne: idan akwai bashi a rubuce, kuma an biya shi ko fiye, a shafa kore.

Alamun zancen nan dole su zama miƙaƙƙu. Idan aka kwafo fomula daga WhatsApp ko wani shafin intanet, wani lokaci sukan zo a lanƙwashe kamar haka “ ”, manhajar kuma ta ƙi karɓa. Sai a goge su a sake bugawa da hannu.

Wa'adi ya wuce ko bai wuce ba

Gaskiyar magana, dokar farko ba ta yi wa manoma adalci ba. Wanda ya karɓi taki jiya bai biya ba, amma ba mai laifi ba ne, shinkafarsa ko fitowa ba ta yi ba. Ja ya kamata ya tsaya ga wanda wa'adinsa ya wuce. Sai a buɗe dokar farko a sauya ta da wannan:

=AND($E2<>"",$E2<TODAY(),$D2<$C2)

TODAY() na ba da kwanan watan yau, kuma yana sabunta kansa. Layin da yake fari yau zai iya wayar gari ja gobe ba tare da kowa ya taɓa shi ba. Sharaɗin $E2<>"" yana da muhimmanci, domin gurbin da ba a rubuta rana a cikinsa ba ana lissafa shi sifili ne, sifili kuma yana ƙasa da kowace rana, sai manhajar ta ce wa'adin ya wuce tuntuni.

Wanda ya fi ja amfani ga sakatare shi ne rawaya, wato gargaɗin cewa saura mako guda:

=AND($E2>=TODAY(),$E2<=TODAY()+7,$D2<$C2)

Manhajar tana ƙirga ranaku ne kamar lambobi, shi ya sa ƙara 7 ke nufin kwana bakwai masu zuwa. Waɗannan su ne mutanen da za a kira a waya a tuna musu cikin mutunci, tun kafin magana ta kai gaban shugaban ƙungiya ko mai unguwa.

Sai dai kwanan wata yana da nasa tarkon. Idan jadawalin yana kan tsarin Amurka, wata ake fara rubutawa kafin rana. Wanda ya rubuta 04/03/2026 yana nufin 4 ga Maris, ita kuma manhajar ta karanta 3 ga Afrilu, an ƙara wa mai bashi wata guda ba da sanin kowa ba. Wanda ya rubuta 15/03/2026 kuma, tun da babu wata na 15, abin na iya zama rubutu kawai ba kwanan wata ba, layin ba zai taɓa yin ja ba. A kwamfuta ana gyara wannan a "File" sannan "Settings", a mayar da ƙasar zuwa Birtaniya, wadda ke fara rubuta rana kamar yadda aka saba a Najeriya. Hanyar da ta fi sauƙi ga mai waya ita ce a riƙa fara rubuta shekara, sai wata, sai rana, kamar 2026-03-15. Wannan ba ya rikicewa.

Harafin N da ke wanke mai bashi

Ga wani abu da ya cancanci a tsaya a kansa. Mutane da yawa sun saba rubuta kuɗi da harafin N a gaba, kamar N20,000, ko su rubuta 20k. A idon mutum kuɗi ne. A wurin manhajar rubutu ne, kamar sunan gari. Idan kuma aka ce ta gwada rubutu da lamba, ba ta yin ƙorafi, tana ɗaukar kowane rubutu ya fi kowace lamba girma.

A duba abin da hakan ke haifarwa. Manomi ya karɓi bashin 120000, ya kawo dubu ashirin, wanda ya karɓa ya rubuta N20,000 a ginshiƙin D. Fomular kore ta tambaya ko D ya kai C, amsa ta zo e, domin rubutu ya fi lamba. Layin ya yi kore, ƙungiya ta yi asarar naira dubu ɗari a kan harafi ɗaya. Idan kuma a ginshiƙin C aka sa harafin, abin ya juya: ko nawa mutum ya biya ba zai kai ba, wa'adi na wucewa zai yi ja alhali ba a bin sa ko kwabo.

Akwai alamar da ake ganewa da ido. Lamba tana jingina da gefen dama na gurbi, rubutu kuma da gefen hagu, muddin ba a sauya tsarin ba. Amma tun da ana maganar sa manhaja ta yi gadi ne, gara a ba ta wannan aikin ma:

=OR(ISTEXT($C2),ISTEXT($D2),ISTEXT($E2))

OR na nufin ko ɗaya daga ciki ya cika ya isa. ISTEXT na tambaya ko abin da ke gurbin rubutu ne. A ba wannan doka launi na daban da ba zai ɓuya ba, kamar shunayya. Duk layin da ya yi wannan launi, ba maganar bashi ake ba tukuna, a gyara shigar da bayanin.

Nan ne jerin dokoki ke da tasiri. A Google Sheets, idan dokoki biyu suka cika a gurbi ɗaya, wadda ke sama ita ke cin nasara, ta ƙasa ba ta samun shiga. Layin mai N20,000 ya cika sharaɗin kore, ya kuma cika na shunayya. Idan kore ce a sama, kuskuren zai ci gaba da ɓuya. Saboda haka dokar kama kuskure ita ce ta farko a jeri. A kwamfuta ana jan doka sama ko ƙasa da linzami. Mai waya kuma ya tuna cewa sabuwar doka ƙasa take sauka, don haka ya fara ƙirƙirar ta shunayya, sai ja, sai rawaya, sai kore, ko da hakan na nufin ya goge na baya ya sake.

Gurbi ɗaya da ke juya jadawali duka

Ɗazu an ga kafe harafi da lamba a matsayin kuskure. Akwai inda shi ne daidai. A ce wakilin ƙungiya zai tafi Tudun Wada ranar kasuwa, yana so ya ga mutanen can kaɗai. Sai a ware gurbi ɗaya a gefe, a ce J1, a kafa doka a kan ginshiƙin B kaɗai, daga B2 zuwa B200:

=AND($J$1<>"",$B2=$J$1)

$J$1 ba ya motsi ko ina, kowane layi shi yake kallo, $B2 kuma yana sauka layi-layi. Aka rubuta Tudun Wada a J1, garin ya haskaka a duk inda yake. Aka goge aka rubuta Kiru, launin ya koma can. Sai a kai wannan doka saman sauran, ko a cire ginshiƙin B daga wurin da sauran dokokin ke shafa, don kada ja da kore su danne ta.

Manhajar ba ta damu da babban harafi ko ƙarami ba a wannan gwaji, amma ta damu da komai ban da shi. Tudun Wada da T/Wada da Tudunwada garuruwa uku ne a wurinta. Ko tazara ɗaya da allon rubutun waya ya ƙara a ƙarshen kalma ta isa ta hana layi haskakawa. Wanda ya sa TRIM($B2) a madadin $B2 ya rabu da matsalar tazarar. Bambancin rubutu kuwa sai an yi jerin zaɓi na sunayen garuruwa ta "Data validation", kowa ya riƙa zaɓa maimakon bugawa.

Idan ma'aunin yana wani shafin

Ƙungiyoyi kan sa iyakar abin da mutum ɗaya zai karɓa. A ce an rubuta iyakar a wani shafi na cikin fayil ɗin mai suna Dokoki, a gurbin B1. A fomular cikin gurbi, Dokoki!B1 ya isa. Amma akwatin canza launi na Google Sheets ba ya karɓar sunan wani shafi kai tsaye, sai an bi ta INDIRECT:

=$C2>INDIRECT("Dokoki!B1")

Idan sunan shafin yana da tazara, sai a rufe shi da waƙafin sama guda-guda, kamar INDIRECT("'Dokokin Rani'!B1"). Kuma tun da sunan a matsayin rubutu yake cikin fomular, ranar da wani ya sauya wa shafin suna, dokar za ta daina aiki shiru ba tare da sanarwa ba.

Wannan dabara tana da daɗi har takan ja mutum ya yi amfani da ita inda bai kamata ba. Manoma da yawa ba da kuɗi suke biya ba, da buhunan shanshera suke biya. Sai sakatare ya ga ai abu ne mai sauƙi: a rubuta yawan buhuna a ginshiƙin F, a ajiye farashin buhu a gurbi ɗaya a wani shafi, fomula ta ninka. A ɗauki misali da lambobin da aka ƙirƙira don darasi. Bashi 120000, mutum ya kawo kuɗi 40000 da buhu 2, farashin ranar 40000, jimilla 120000, ya yi kore, an yi musabaha an rabu. Bayan mako uku kaka ta kankama, shinkafa ta cika kasuwa, farashi ya sauka zuwa 35000, sakatare ya sabunta gurbin. Lissafin mutumin nan ya koma 110000. Koren ya ɓace, ga shi ana bin sa dubu goma da bai ci ba. Fomular ba ta yi kuskure ba, abin da aka ce ta yi shi ta yi.

Farashin da aka karɓi kaya a kansa tarihi ne, bai kamata ya rataya a gurbin da ke canzawa ba. Abin da ya fi shi ne a rubuta yawan buhuna a F, farashin ranar da aka kawo su a G na layin mutumin, sannan a haɗa darajarsu cikin abin da ke D. F da G sun zama shaida, dokokin da aka kafa tun farko kuma sun ci gaba da aiki ba sai an taɓa su ba.

Ga masu Excel

Dabarar ta girmi Google Sheets, wadda ta fito a 2006. Ta shigo Microsoft Excel tun fitowar 1997, kuma har zuwa Excel 2003 dokoki uku kaɗai ake iya sa wa gurbi, sai Excel 2007 ya cire wannan iyaka. A kwamfuta ana bin "Home", sai "Conditional Formatting", sai "New Rule", a zaɓi "Use a formula to determine which cells to format". Fomulolin da ke sama duka suna aiki yadda suke. Bambancin kaɗan ne: a Excel sabuwar doka sama take hawa, dokoki biyu na iya aiki tare idan ba abu ɗaya suke canzawa ba, kuma tun daga Excel 2010 ana iya kiran wani shafi kai tsaye ba sai da INDIRECT ba. Masu karatu na Maraɗi da Damagaram da kwamfutarsu ke kan Faransanci za su tarar AND ya zama ET, TODAY ya zama AUJOURDHUI, kuma alamar ; ce ke raba sharuɗɗa a madadin waƙafi.

Abin da launi ba ya iya yi

Launi ado ne a kan gurbi, ba bayani ba ne a cikinsa. Babu fomular da aka tanada da za ta ƙirga jajayen layuka ko ta tara kuɗinsu. Idan aka kai fayil ɗin shagon buga takardu aka fitar da shi baƙi da fari don taron ƙungiya, ja da kore duk toka-toka za su fito. Akwai kuma mutanen da idonsu ba ya bambanta ja da kore tun haihuwa, yawancinsu maza, wasu ma ba su san suna da matsalar ba.

Sannan akwai jarabar ɗaukar hoton allo a tura zauren WhatsApp na ƙungiya. Jan layi a kan sunan dattijo, a gaban 'ya'yan cikinsa da surukansa, ba ƙaramin abu ba ne a gari irin Bebeji ko Kiru inda kowa ya san kowa, balle idan daga baya aka gano harafin N ne ya jawo. Launin na sakatare ne da shugabanni. Wanda za a ba damar ganin fayil ɗin ma a ba shi ta kallo kaɗai, ba ta gyara ba.

Abin da ke cike wannan giɓi shi ne ginshiƙi ɗaya na rubutu. A gurbin H2 a saka wannan, a ja shi ƙasa har 200:

=IF(C2="","",IF(D2>=C2,"Ya biya",IF(AND(E2<>"",E2<TODAY()),"Lokaci ya wuce","Da saura")))

Yanzu kowane layi yana faɗin matsayinsa da kalmomi, ko a takarda baƙi da fari. Ana iya ƙirga waɗanda wa'adinsu ya wuce da =COUNTIF(H2:H200,"Lokaci ya wuce"), a kuma san jimillar kuɗin da ke hannunsu da:

=SUMIF(H2:H200,"Lokaci ya wuce",C2:C200)-SUMIF(H2:H200,"Lokaci ya wuce",D2:D200)

Dokar ja ma tana iya komawa gajera, =$H2="Lokaci ya wuce", ta kore kuma =$H2="Ya biya". Ta shunayya dai tana nan a samansu, domin ginshiƙin H shi ma harafin N na iya ruɗinsa. Wanda zai shiga ƙauyukan Doguwa ta wajen dajin Falgore, inda sabis kan ɗauke, ya kunna "Available offline" a kan fayil ɗin tun yana gida, ya shigar da abin da aka biya a can, sauran shugabanni su gani idan wayar ta dawo kan intanet.